Ruwan sama a tsakiyar hunturu: yana rage haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara ne ko ƙara shi yake yi?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke karatu a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya ya rubuto cewa hunturun bana ya zo da ɗumi, har a tsakiyar watan Janairu aka kwana biyu ana ruwan sama a saman tsaunuka, a wuraren da ba a saba ganin komai ba sai dusar ƙanƙara. Abokan karatunsa sun ce masa ruwan ya danne dusar ya daddale ta, don haka haɗarin zaftarewa ya ragu, suna kuma shirin hawa tsauni a ƙarshen mako. Yana son ya san ko maganarsu gaskiya ce.

Amsa: Ɗan'uwa, maganar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai sun ajiye ta a lokacin da ba nata ba. Ruwan sama yana iya barin dusa ta yi ƙwari, amma hakan ba ya samuwa sai ruwan ya ɗauke, wanda ya shiga cikin dusar ya tsiyaye, sanyi kuma ya dawo ya daskarar da abin da ya rage. Kafin a kai wannan matsayi, babu wani yanayi da ke raunana dusar tsauni cikin gaggawa kamar ruwan sama, kuma ko bayan an kai, ruwan yakan bar wata matsala a binne wadda ke iya tashi bayan wata ɗaya ko biyu. Saboda haka amsar ta rataya ne a kan abu biyu: awa nawa ko kwana nawa ke nan da ɗaukewar ruwan, da kuma tsawon wurin da kuke nufin zuwa.

Dusar da kake hangowa a kan tsauni ba dunƙule ɗaya ba ce. Kowace zuba tana barin tata shimfiɗar, iska ta kwaso wata daga bayan tsauni ta jibge a kai, rana ta narkar da fuskar wata, daren da sama ta washe ya rufe wata da raɓa mai daskarewa. Idan aka haƙa rami da shebur aka share bangonsa ya yi sumul, ana ganin waɗannan shimfiɗu hawa-hawa, kuma masu binciken dusa suna gwada taurinsu da hannu: wata dunƙulen hannu ke shigewa cikinta, wata sai yatsu huɗu, wata sai yatsa ɗaya, wata sai fensir, wata kuwa ba abin da ke huda ta sai wuƙa. Zaftarewar da ta fi cin rayuka tana aukuwa ne idan shimfiɗa mai haɗe da juna ta zauna a kan wata mai rauni, a gangaren da tsayuwarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. Da zarar mai raunin ta karye a wuri ɗaya, karayar sai ta ruga ta ƙarƙashi cikin daƙiƙoƙi, babban falle ya ɓalle gaba ɗaya ya taho.

Abu na farko da ruwan sama ke yi wa wannan tsari shi ne ƙarin nauyi. Milimita ɗaya ta ruwan sama daidai take da kilo ɗaya a kan kowane murabba'in mita, don haka ruwan milimita 30 ya ɗora wa gangare kilo 30 a kowane murabba'in mita, kwatankwacin nauyin sabuwar dusa mai kaurin santimita 30. Bambancin shi ne, sabuwar dusa nauyi kawai take ƙarawa, shi kuwa ruwa yana ƙara nauyin yana kuma cinye ƙarfin abin da zai ɗauki nauyin. Ƙwayoyin dusa suna riƙe da juna ne da 'yan siraran gadoji na ƙanƙara, kuma idan ruwa ya cika tsakaninsu waɗannan gadoji ne ke fara narkewa. Duk wanda ya ga yadda soron ƙasa ke rushewa a watan Agusta ya san wannan al'amari: rufin ya sha ruwa ya yi nauyi, bangon da ke ɗauke da shi kuma ya jiƙe ya yi laushi a lokaci guda.

Ruwan kuma ba ya sauka cikin dusa daidai wa daida. Yakan nemi 'yan hanyoyi ya bi su a tsaye zuwa ƙasa, ya bar busasshiyar dusa a gefe da gefe, har sai ya ci karo da wani abu da zai tare shi, ko ɓawon ƙanƙara na wani tsohon ɗumi, ko mahaɗar da dusa mai ƙananan ƙwayoyi ta zauna a kan mai manya, ko kuma ƙasar tsaunin kanta. A nan sai ya taru ya fara gangarawa a kwance. Wanda ya haƙa rami bayan ruwa yakan ga wannan da idonsa, wani layi mai duhu-duhu a jikin bango, wanda idan ya ɗebo dusarsa ya matse a tafin hannu sai ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsu, alhali santimita goma a samansa dusar ba ta ko jiƙa safar hannu ba. Wannan layi shi ne wurin da falle zai zame.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke ɗauka a juye, wato zaton cewa ɗumin ruwan ne ke narkar da dusa. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Ruwan milimita 10 mai ɗumin digiri 5 a ma'aunin Salshiyas ba ya narkar da ko kilo ɗaya na dusa a murabba'in mita. Abin da ke da tasiri shi ne zafin da ruwa ke saki idan ya daskare a cikin dusa mai sanyi, domin kowane kilo yana sakin kimanin kilojul 334. Idan wannan milimita 10 ta daskare duka a cikin dusa mai zurfin mita ɗaya da nauyin kilo 250, za ta ɗaga zafinta da kusan digiri 6. Ta haka ne dusar Janairu, wadda jiya take ƙasa da sifili da digiri biyar ko shida, ke wayar gari a kan sifili tun daga sama har ƙasa, kuma daga nan duk ɗigon da ya ƙaru ba ya daskarewa, yawo yake yi a ciki. Narkewa mai yawa kuwa aikin iska mai ɗumi da laima ne, musamman idan tana kaɗawa da ƙarfi, hadari kuma ya rufe sama da dare ya hana fuskar dusar hucewa.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne jiƙewar farko. Howard Conway da Charles Raymond na Jami'ar Washinton sun bibiyi wannan a mashigar Snoqualmie da ke tsaunukan Cascade a Amurka, inda ruwa kan sauka a kan dusa sau da dama a kowane hunturu, kuma a rahoton da suka wallafa a 1993 sun nuna cewa idan ruwa ya sauka a kan sabuwar dusa, zaftarewa kan fara cikin mintuna zuwa awa guda, tun ruwan bai ratsa fiye da 'yan santimitoci ba. Bayan wannan sai a sami wani zagaye na biyu cikin awoyin da ke biye, yayin da ruwan ya isa shimfiɗu na ƙasa, kuma waɗannan sukan fi girma. Idan aka ɗauki kwana ɗaya ko biyu hanyoyin tsiyayewa suka buɗe, haɗarin yakan fara sauka ko da ruwan bai ɗauke ba. Shi ya sa tsohuwar dusar ƙarshen bazara, wadda ta narke ta daskare sau da yawa, ke iya shan ruwa mai yawa ba ta motsa ba, ita kuwa ta tsakiyar hunturu, mai sanyi da shimfiɗu barkatai, ruwa kaɗan ya ishe ta. Hukumar gargaɗin zaftarewa ta jihar Tirol, inda kake zaune, tana aiki da jerin yanayi goma masu haɗari da Rudi Mair da Patrick Nairz suka tsara, kuma na uku a jerin shi ne ruwan sama, shi kaɗai.

Zaftarewar da ta fi kowace kisa a tarihin Amurka irin wannan ce. A ƙarshen Fabrairun 1910 an kwana tara ana zuba dusa a mashigar Stevens ta jihar Washinton, har jiragen ƙasa biyu na kamfanin Great Northern, ɗaya na fasinja ɗaya na wasiƙu, suka maƙale a ƙaramar tashar Wellington. A ranar 28 ga wata dusar ta juye ta koma ruwan sama da iska mai ɗumi da tsawa, mutane kuma suna kwance a cikin taragu. Bayan ƙarfe ɗaya na daren 1 ga Maris gangaren da ke samansu ya ɓalle, ya tura jiragen biyu zuwa kwarin kogin Tye, mutum 96 suka rasu. Kwanakin dusar duk gangaren ya jure su, yini guda na ruwa ne ya sauko da shi.

Sai maganar tsawo, wadda a ganina ita ce abokanka suka fi mantawa da ita. Innsbruck tana kan mita 574 daga doron teku, wurin zamiya a kan dusa na Seegrube da ke tsaunin samanta kusan mita 1,900, ƙololuwar Hafelekar kuwa ta haura 2,200. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 0.6 a kowace mita 100 da aka hau, don haka hadarin da ya zubar da ruwa a Seegrube yana iya kasancewa dusa ya zubar a can ƙololuwa. Dusar hadari mai ɗumi kuwa nauyi ne da ita da danƙo, takan sauka a kan tsohuwa mai sauƙi da sanyi, wato mai ƙarfi a sama mai rauni a ƙasa, kuma irin wannan hadari ba ya rabuwa da iska mai ƙarfi da ke kwasar dusa tana jibgewa a bayan tudu da cikin kwazazzabai. Mutumin da ya guje wa jiƙaƙƙiyar dusa ya haura sama yana neman busasshiya don jin daɗin zamiya, ya kai kansa ne daidai inda nauyin mutum ɗaya ke iya ɓalle falle. A mafi yawan haɗurran da ke kashe masu yawon tsauni, kusan tara cikin goma, wanda abin ya rutsa da shi ne ko wani a cikin tawagarsa ya tayar da zaftarewar.

Jiƙaƙƙiyar zaftarewa ta bambanta da wannan, domin ita galibi da kanta take tasowa, ba ta jiran kowa ya taka ta. Ba ta da gudun busasshiya, wadda kan yi kilomita 100 zuwa 130 a awa, amma nauyinta kan kai kilo 500 ko fiye a kowace mita kubik, tana yashe gangare har ƙasa, ta kwaso duwatsu da itatuwa, ta bi kwazazzabo ta sauko can ƙasa inda babu dusa ko kaɗan. Wannan ne ya sa hukumomi ke rufe hanyoyin daji da ke gindin tsaunukan arewacin Innsbruck a irin waɗannan kwanaki, ko da mai tafiya yana ganin ciyawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Nakiyoyin da ma'aikatan wuraren zamiya ke fasawa don su sauko da dusa da gangan ba su cika tasiri a jiƙaƙƙiya ba, don haka abin da ya rage musu shi ne rufe hanya da jira. Ina roƙonka kada ka tsallake shingen da suka sa.

Akwai kuma nau'in da dusar gaba ɗayanta ke jan ciki a hankali a kan ciyawa mai santsi ko shimfiɗaɗɗen dutse, idan ruwa ya jiƙa mahaɗarta da ƙasa. Alamarta ita ce wata buɗaɗɗiyar tsaga a saman gangare wadda ake hango baƙar ƙasa ta cikinta. Tana iya ɓallewa bayan awa ɗaya, tana iya yin mako uku, da rana ko da tsakar dare, ko da sanyi ya dawo. Babu masanin da zai iya faɗa maka lokacinta, don haka ba a tsayawa a ƙarƙashinta.

Yanzu ga inda abokanka suke da gaskiya. Idan ruwa ya ɗauke, sama ta washe, zafi ya sauka ƙasa da sifili sosai, jiƙaƙƙiyar dusar takan daskare daga sama zuwa ƙasa ta zama ɓawo mai ɗaukar mutum, kuma a wuraren da ke ƙasa da tsawon da ruwan ya kai, haɗari na iya faɗowa daga mataki na huɗu zuwa na biyu ko na ɗaya, a ma'aunin haɗari mai mataki biyar, cikin kwana biyu. Sharaɗin shi ne daskarewar ta zama ta gaske. Dare ɗaya mai gajimare yakan yi ɓawon santimita biyu ko uku kawai, wanda ƙafa ke fasawa ta nutse cikin taɓo a ƙarƙashinsa, kuma wannan ɓawo ba ya riƙe komai. Idan kuwa ta daskare sosai, sai wani haɗarin ya maye gurbi, wato santsi, domin wanda ya zame a gangare mai tsayi a kan irin wannan ƙanƙara da wuya ya iya tsayar da kansa.

Abin da ya fi damuna a hunturu irin na bana shi ne abin da ke biyo baya, domin shi ne wanda ido ba ya gani. Idan busasshiyar dusa mai sanyi ta sauka a kan ɓawon da ruwa ya bari, musamman tun yana da sauran laima, ana samun babban bambancin zafi a tsakanin 'yan santimitoci kaɗan. Duk inda bambancin ya wuce digiri ɗaya a kowane santimita 10, tururin ruwa yakan riƙa tashi daga ƙwayoyin da suka fi ɗumi yana daskarewa a jikin waɗanda suka fi sanyi, sai ƙwayoyin su sake siffa su zama masu kusurwa, manya, marasa riƙe juna. Bayan mako biyu ko uku, idan ka haƙa ka kai ga ɓawon, za ka tarar da siririyar shimfiɗa a samansa ko a ƙarƙashinsa wadda ba ta dunƙuluwa ko ka matse ta, sai dai ta zube ta tsakanin yatsunka. Ga santsin ƙanƙara a ƙasa, ga sako-sako a tsakiya, ga nauyin duk dusar da za ta sauka a sauran hunturu a sama. Wannan shi ne yanayi na huɗu a jerin Tirol, sanyi a kan ɗumi ko ɗumi a kan sanyi.

Kanada ta ga sakamakonsa a hunturun 2002 zuwa 2003. Ruwan da aka yi a watan Nuwamba ya bar ɓawo a tsaunukan Selkirk na lardin Birtish Kolombiya, aka sami irin waɗannan ƙwayoyi a kansa, dusa ta binne shi. A ranar 20 ga Janairu zaftarewa ta kashe mutum bakwai a yankin Durrand kusa da garin Revelstoke, daga cikin tawagar da ke tare da ƙwararren jagora. A ranar 1 ga Fabrairu wata ta sauko kwarin Connaught kusa da mashigar Rogers ta kashe 'yan makarantar sakandare bakwai da ke tafiya a can ƙasan kwari. Dukansu biyu sun kai ga wannan shimfiɗa ta Nuwamba, fiye da wata biyu bayan ruwan da ya haifar da ita. Mutum 29 zaftarewa ta kashe a Kanada a wannan hunturu, kuma a 2004 aka kafa cibiyar ƙasa mai gargaɗin jama'a.

Don haka kafin ku yanke shawara, ku karanta sanarwar haɗari ta haɗin gwiwar Tirol da yankunan Tirol ta Kudu da Trentino na Italiya, wadda ke fitowa kowace rana da ƙarfe biyar na yamma don gobe. Ma'aunin haɗarin zaftarewa na Turai, wanda aka amince da shi tun 1993, mataki biyar ne, kuma kada lamba uku ta ruɗe ka don tana tsakiya, domin alƙaluman cibiyar binciken dusa da ke Davos a Suwizalan sun nuna kusan rabin waɗanda ke mutuwa a wannan mataki suke mutuwa. Lambar ma ita ce mafi ƙarancin abin da ke cikin sanarwar. Ku duba irin matsalar da aka ambata, ko jiƙaƙƙiyar dusa ce, ko wadda iska ta jibge, ko tsohuwar shimfiɗa mai rauni, ku duba daga mita nawa zuwa nawa take, da kuma fuskokin tsaunin da ta shafa. A irin wannan mako ba abin mamaki ba ne ka ga sanarwa ɗaya ta ba da matsala daban a sama da mita 2,000 da wata daban a ƙasa.

A kan hanya kuma dusar kanta tana ba da labari. Idan takalminka yana nutsewa ya wuce idon sawu cikin jiƙaƙƙiyar dusa, ko ka ga 'yan dunƙule suna gangarowa da kansu suna nannaɗe dusa, ko ka ji wata ƙara mai zurfi daga ƙarƙashinka tare da ɗan nutsewar wurin, ko tsaga ta ruga daga bakin ƙafarka, ko ka hango sabuwar zaftarewa a gangare mai kama da wanda kake nufi, to lokacin juyawa ya yi, kuma alama ɗaya ta isa. Rashin ganin alama kuwa ba shaida ba ce, musamman game da binnanniyar shimfiɗa.

Duk wanda zai fita daga hanyoyin da ake kula da su dole ya rataya na'urar gano wanda dusa ta binne, ya ɗauki sandar bincike mai naɗewa da shebur na ƙarfe, kuma ya zama ya koyi aiki da su tun kafin ranar. Nazarin alƙaluman Suwizalan da aka wallafa a 1994 ya nuna kashi 92 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna raye, amma a minti 35 kashi 30 ne kawai, kuma kwatancen da aka yi da Kanada a 2011 ya nuna adadin yana faɗuwa da wuri a yankunan da dusarsu ke da nauyi da laima, domin tana toshe numfashi tana kuma wahalar haƙa. Lambar masu ceton tsauni a Ostiriya 140 ce, ta Turai baki ɗaya 112, sai dai jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin hazo da hadari, kuma ko ya tashi da wuya ya iso cikin wannan minti 15.

Game da ƙarshen makon nan, shawarata ita ce idan har ruwan bai kwana biyu da ɗaukewa ba, ko dararen da suka biyo baya ba su yi sanyin gaske ba, ku tsaya a hanyoyin zamiya da aka buɗe a hukumance, ko ku zaɓi wurin da tsayuwarsa ba ta kai digiri 30 ba kuma babu wani gangare mai tsayi a samansa. Idan kai sabo ne a wannan fage, ka nemi kwas na kwana ɗaya ko biyu a ƙungiyar masu hawan tsauni ta Ostiriya, wadda hedikwatarta ke nan cikin Innsbruck. Ka kuma rubuta ranakun da aka yi ruwan nan da tsawon da ya kai, domin idan sanarwar watan Fabrairu ta fara maganar tsohuwar shimfiɗa mai rauni a kusa da wannan tsawo, za ka san wadda ake nufi da inda take kwance.